Yoga nake yi saboda ciwon baya da rashin barci, yanzu Yaya ya ce bautar rana ce. Ina neman shawara

Manomin Fadama

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, abin ya daɗe yana cina a rai kuma a ƙauyenmu ba ni da wanda zan zauna da shi mu yi maganar ba tare da ya ɗauke ni wani iri ba.

Ni manomin shinkafa ne a wani ƙauye a yankin Auyo, ina kuma koyarwa a firamare. Ambaliyar 2022 ta cinye min gona ƙurmus, shinkafa ta fara fitar da kai kenan ruwa ya zo ya shafe ta cikin kwana biyu, ga bashin taki da na iri a wuyana, ba a rufa wata biyu ba kuma Allah ya karɓi ran mahaifinmu. Tun daga nan barci ya ƙaurace min. In na kwanta sai ƙirjina ya riƙa dukan uku-uku, lissafi kawai nake yi har a kira assalatu, buhu nawa zan biya, me zan ce wa mai taki, me yara za su ci. Ciwon bayan da dama ina da shi tun shekarun da nake sunkuyon dashe shi ma ya taso min gadan-gadan, har ta kai in na yi ruku'u sai na daɗe kafin in miƙe.

Ba abin da ban gwada ba. Wanzami ya yi min ƙaho sau biyu, na ji sakayau na kwana huɗu biyar ya dawo. Malaminmu ya yi min rubutu na sha, ya yi min tofi, Allah ya saka masa. Na sha maganin kemis har cikina ya fara zafi na bari.

To da hutu sai ɗan yayata da ke karatu a Dutse ya zo, ya ga yadda nake tashi daga tabarma ina cije baki, ya ce Kawu bari in nuna maka wani abu. Ya buɗe min bidiyo a YouTube, ya ce sunansa yoga. Abubuwa ne masu sauƙi, ka yi rarrafe ka ɗaga gadon bayanka sama kamar kyanwa ta ga kare sannan ka sauke shi a hankali, ka kwanta rub da ciki ka ɗaga ƙirji, ka kwanta rigingine ka jawo gwiwoyi zuwa ƙirji. A ƙarshe sai ka zauna shiru ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi kana ƙirga shida, hankalinka na kan numfashin kawai. Ya sauke min bidiyon a waya don ba kullum muke da sabis ba.

Wallahi cikin sati uku bayana ya saki. Amma ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Wannan zaman shirun ne ya taɓa ni. Ranar farko ko minti ɗaya ban iya ba, tunani ya riƙa fisgata kamar akuya a turke. A hankali na kai minti goma, sai na lura ashe tunanin zuwa yake ya wuce in ban bi shi ba. Wata asuba na tada salla bayan na gama, sai na ji Fatiha tana shiga ta kamar ban taɓa karanta ta ba, da na zo iyyaka na'abudu wa iyyaka nasta'in hawaye suka zubo min, kuma ku sani ko ranar da muka binne Baba ban iya kuka ba. A nan na gane shekara da shekaru jikina ne a sahu, ni ina gona ko ina kasuwar Gujungu. Yanzu in na idar ba na zabura, ina zama in yi tasbihi a nutse, in yi wa Baba addu'a, kuma ina barci.

Matsalar ita ce satin da ya wuce Yayanmu babba ya shigo da sassafe ya same ni a tsakar gida a kan tabarma, rana ta fara ɓullowa, na fuskanci gabas don dai can na saba shimfiɗa tabarmar salla, na ɗaga hannu sama ina sunkuyawa ina tasowa. Ransa ya ɓaci sosai. Ya ce me ya kai ka bautar rana irin ta Indiyawa, gidan malamai muka fito, Baba bai shekara uku a ƙasa ba ka ɗauko mana wannan. Ban iya ce masa komai ba don tun rasuwar Baba shi ne ubanmu. Kwana shida kenan na daina, bayana ya fara riƙewa, zuciyata kuma ta rabu biyu. Ni dai Allah ya sani ban taɓa nufin rana ba. Shin na yi laifi ne? In bari gaba ɗaya? In kuma ba laifi, ya zan yi da Yaya?

Ɗalibin Ilimi Gumel

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba ya kyauta namu zuwan, ya mayar maka da alherin abin da ruwa ya ci.

Malam gaskiya Yayanka bai yi magana a banza ba, ko da shi bai san bayanin ba. Yoga asalinta ƙasar Indiya ce kuma ba a matsayin wasa ta taso ba, hanyar ibada ce. Kalmar ma daga harshen Sanskrit take, tushenta na nufin haɗawa ko ɗaurewa, kamar yadda ake ɗaura wa shanun huɗa karkiya. A tsohon tsarin da ake jingina wa wani malaminsu Patanjali matakai takwas ne, wannan lanƙwasa jikin mataki ɗaya ne kawai a ciki, sarrafa numfashi wani matakin, na ƙarshen shi ne abin da suke kira samadi, wato nutsewar zuciya gaba ɗaya cikin tunani. Sannan wannan da ka ce ka ɗaga hannu sama kana sunkuyawa kana tasowa, ka duba bidiyon da kyau, in jerin motsi goma sha biyu ne da ake farawa da haɗa tafin hannu a ƙirji to shi ne Surya Namaskar, ma'anarsa gaisuwa ga rana, kuma Surya sunan abin bautarsu ne. Mu kuma an hana mu ko nafila mu yi lokacin da rana ke ɓullowa sai ta ɗaga kamar tsawon mashi, don kada mu yi kama da masu yi mata sujada. To ka ga in sallar da ake yi don Allah ma an ce a dakata a wannan lokacin, ina ga sunkuyo irin wannan ana kallon gabas. Niyyarka mai kyau ce, ban yi shakka ba, amma kama ɗin ma abin gudu ne.

Malaman wasu ƙasashe sun zauna a kan mas'alar. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda abubuwan bautar da ke cikinta. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta rarrabe, ta ce wadda ke da ambaton kalmomin bautarsu haramun ce, wadda kuma motsa jiki ce zalla babu laifi. Saudiyya kuma a 2017 ta amince a koyar da ita a matsayin wasan motsa jiki. Ni rarrabewar nan ta fi kwanta min.

Shawarata, miƙar baya ba ta wani addini ba ce, ko jaki in ya tashi yana miƙa. Ka riƙe na kyanwar nan da na jawo gwiwa. Ka bar gaisuwar rana kwata-kwata, ka bar haɗa tafin hannu, in ka ji suna jan wani sauti wai Om kada ka bi su, ka canza lokaci, ka daina fuskantar gabas in kana yi. Ko sunan ma ka bar shi, ka ce motsa jiki kake. Annabi SAW ya ce ka bar abin da ke sa ka kokwanto zuwa wanda ba ya sa ka kokwanto. Wallahu a'alam.

Tsohon Zawiyya

Ɗana, jikana ne ya karanta min rubutunka kuma shi yake rubuta maka wannan, ni idona ya yi rauni. Da ya zo wajen da ka ce Fatiha ta shige ka har ka yi kuka sai na ce ya tsaya ya maimaita min.

Abin da ka samu sunansa halartowar zuciya, kuma ba baƙo ba ne a gidanmu, kai dai ta ƙofar maƙwabta ka shigo ka same shi a ɗakinka. Manzon Allah SAW kafin wahayi kogon Hira yake tafiya ya keɓe kwana da kwanaki. Mutumin nan da ya yi salla da gaggawa a masallaci sau uku ana ce masa koma ka yi salla don ba ka yi salla ba, me aka koya masa in ba nutsuwa ba, ka yi ruku'u har ka nutsu, ka ɗago har ka daidaita, ka yi sujada har ka nutsu. Allah kuma ya faɗa a Suratur Ra'adi aya ta 28 cewa da ambatonsa ne zukata ke samun nutsuwa. Ni na karɓi ɗariƙar Tijjaniyya ina saurayi a nan ƙasar Ringim, fiye da shekara hamsin kenan, lazimi safe da yamma, istigfari ɗari, salatin Annabi ɗari, hailala ɗari, ka zauna wuri ɗaya da alwala ba ka magana da kowa. Ina gaya maka shekarun farko bakina ne kawai ke yi, carbi na tafiya zuciya na kasuwa, irin akuyar nan taka da ka ce. Sai da na binne 'ya'ya biyu a shekara ɗaya sanadin ƙyanda sannan na san me nake faɗa. Sau da yawa sai zuciya ta fashe haske ke samun hanyar shiga. 'Yan uwanmu Ƙadirawa ma suna da zikirin anfasu, in ka je gidan Ƙadiriyya a Kabara cikin Kano za ka ji, da numfashi suke ambaton Allah, ja da saki. Don haka numfashi ba na Indiyawa ba ne, wanda ya busa rai shi ya ba ka.

Ba ina kiranka ɗariƙa ba ne, wannan tsakaninka da Ubangijinka. Amma wannan zaman da kake kana ƙirga huɗu da shida, maimakon lamba ka sa ambato. In ka ja ka halarto da la'ilaha, in ka saki illallah, ko ka riƙa istigfari a zuci. Zuciya ba ta zama fanko, in ba ka zuba mata komai ba wani zai zuba.

Maganar Yayanka kuwa, kada ka je masa da hujja. Tsoro ne ya sa shi faɗa, yana ganin amanar gidan a wuyansa take. Ka bari sai bayan isha ya ci abinci, ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce Yaya na ji maganarka na kuma gode. Sannan ka gaya masa abin da ka gaya mana, na rashin barcin da na kukan. Ina kyautata zaton bai sani ba. Mu maza muna ɓoye ciwo ga 'yan uwanmu sannan mu ji haushi ba su gane ba.

Ma'aikaciyar Lafiya

Slm. Ni ba zan shiga ɓangaren hukunci ba, malamai sun yi magana. Ina aiki a ƙaramin asibiti a yankin Kafin Hausa kuma wallahi irin labarinka mun gan shi da yawa bayan ambaliyar nan, mutum ya zo yana cewa ƙirji, ciwon kai, jiri, a auna ba zazzaɓi ba komai, in ka zauna da shi ka tambaya sai ka ji gona ce ta tafi ko gida ya rushe. Damuwa ciwo ce ta gaske, ba raunin imani ba ne.

Abin da ka ji a numfashin yana da bayani. Akwai wata jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya ta sauka zuciya da ciki, in mutum ya saki numfashi a hankali ya fi jan sa tsawo tana rage saurin bugun zuciya, jiki ya gane ba gudu ake ba. Shi ya sa sakin ya fi tsawo, shida a kan huɗu, ko da ambato kake yi kamar yadda Baba Tsohon Zawiyya ya ce ka kiyaye wannan. Asibitocin Turawa ma sun daɗe da ɗaukar abin, tun 1979 wani masani Jon Kabat-Zinn ya fara shirin sati takwas a asibitin jami'ar Massachusetts a Amurka yana koya wa masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa zaman nutsuwa da miƙa jiki, ba tare da bautar kowa ba. Kuma waɗannan motsin na baya da ka lissafa, kusan su ne likitocin gashin ƙashi ke koya wa masu ciwon ƙugu. In ka samu hali ka je ɓangaren gashi a babban asibiti, Haɗeja ko Dutse, su duba ka su nuna maka da hannunsu, ka ga in Yaya ya tambaya ka ce likita ne ya ba ka kuma gaskiya ka faɗa.

Don Allah ka kula da waɗannan. In ciwon ya fara sauka ƙafa da sanyin jiki ko ƙafar ta riƙa mutuwa tana jan ƙasa, ko fitsari ko bayan gida ya riƙa kufce maka ko ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba ka jin taɓi, wannan ba na tabarma ba ne, a ranar ka nufi asibiti, ko da Asibitin Ƙashi na Dala ne a Kano. Haka in akwai rama da zazzaɓin dare da gumi tare da ciwon bayan, don tarin fuka yana kama ƙashin baya. Ka auna jininka, in kana da hawan jini kada ka yi irin wanda ake kifa kai ƙasa ƙafa a sama ko riƙe numfashi. Maganin kemis ɗin nan kuma da ka bari ka kyauta, irin su diclofenac in an daɗe ana sha suna kawo olsa suna taɓa ƙoda, manoma da yawa na sha kamar gyaɗa lokacin dashe da yankan shinkafa. Ƙaho ban hana ka ba amma ka sayi sabuwar reza da kanka ka kai wa wanzamin, saboda ciwon hanta.

In kuma rashin barcin ya dawo ya wuce sati biyu, ko ka ji rayuwar ta fita daga ranka, kada ka yi shiru, akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure kuma ba sai wanda ya yi hauka tuburan ke zuwa ba.

Maman Biyu Dambatta

wlh malam labarinka kamar nawa, bayan na haifi yan biyu na bayana kamar zai balle ga rashin bacci ga kuka ba dalili, kowa cewa yake iska ce, kanwata dake makarantar koyon jinya ita ta koyamin irin wannan mikar da numfashin. ni a daki nakeyi bayan isha in yara sunyi bacci na tura kofa, maigidan ya sani shi yace inci gaba tunda yaga na dena kukan, amma uwar mijina har yau bata sani ba don nasan bazata gane ba kuma banason bacin ranta. ni dai abinda nagani shine tsakar gidan ne ya jawo maka da kuma lokacin, ka koma daki kawai. kuma ni ina gamawa nake karanta ayatul kursiyyu da kulhuwallahu da falaki da nasi na tofa na shafa na kwanta, shekara biyu kenan alhamdulillah. Allah ya baka lafiya ya daidaita ku da yayanka

Ɗalibin Ilimi Gumel

Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, na ƙaru da maganarka musamman ta zuwa wajen Yayan. Wuri ɗaya ne kawai nake da ja, wato ɗaura zikiri a kan ja da sakin numfashi a matsayin wata siffa ta ibada, ni ban san ta daga Sunna ba, shi ya sa na fi son ya raba, numfashi don lafiya, azkar kuma yadda suka zo na safe da na yamma. Amma wannan tsohon saɓani ne tsakanin malamanmu, ba a nan za mu ƙare shi ba, kuma duk mun haɗu a kan ya bar gaisuwar rana.

Manomin Fadama

Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba Allah ya jiƙan yaran da ka rasa ya sa masu ceto ne.

Na koma na kalli bidiyon, gaskiyar Malam na Gumel ne, guda biyu ne ɗan yayata ya sauke min kuma na biyun shi ne mai goma sha biyun, har da haɗa hannu a farko, ni ban san sunansa ba don da Turanci mai sauri matar ke magana. Na goge shi. Na bar na farkon.

Jiya bayan isha na je wajen Yaya kamar yadda Baba Tsohon Zawiyya ya ce. Na same shi a zaure yana jin rediyo, na gaishe shi na ce na ji faɗansa na gode, sannan na gaya masa komai, tun daga daren da ruwa ya shiga gona. Ya daɗe bai ce uffan ba, ya kashe rediyon. Can sai ya ce shi ma tun rasuwar Baba ba ya wuce ƙarfe biyu yana barci, sai ya tashi ya zauna a bakin gado har asuba, ko matarsa bai gaya wa ba. Wallahi ban taɓa zato ba, mutumin da kullum shi ke ba mu haƙuri. Bai ce in ci gaba ba, bai kuma ce in bari ba, abin da ya ce kawai kada ya ƙara ganina ina yi da fitowar rana, na ce in sha Allahu.

Yau da la'asar na yi na bayan a ɗaki, na juya kudu. Zaman kuma na mayar da shi bayan sallar asuba a inda na idar, da istigfari. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan shiga Haɗeja a auna min jini in ga masu gashin ƙashin. Hajiya ma'aikaciyar lafiya don Allah ina da tambaya, Yaya ya haura sittin kuma yana shan maganin hawan jini, shi ma zai iya yin numfashin nan na huɗu da shida? Don da zan fito ya kira ni ya ce wai yaya ma ake ƙirgawar.